Kubura Mai Shirya Madam

Shekara biyu Hudu ya ce za su yi. Haka ya gaya wa iyayen Kubura yana durƙushe a zaurensu na Zariya, kuma Allah ya sani ba ƙarya ya yi niyya ba. Zai karɓo digirinsa na aikin gona a Amurka ne su juyo gida. Suka sauka Greensboro a ƙarshen 1978 da akwati uku da ƙullin daddawa. Digiri ya haifi digiri, na biyun kuma ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Aka haifi Rumasa'u, aka haifi Bello, yaran suka tashi ana yi musu Hausa suna mayarwa da Turanci. Kubura ta daina tambayar yaushe za a koma, ba don ta haƙura ba, sai don ta gaji da jin amsar.

Suna zaune a hawa na biyu na wani gidan haya a kan High Point Road, tsakanin filin sayar da tsofaffin motoci da wani shagon soya kaji. Ƙaurin man suyar nan har cikin kayan sawarsu yake shiga. Hudu yana fita da jaka ya dawo da jaka, kullum da sabon labarin abin da malaminsa ya ce a gyara. Ita kuwa abin da ta zo da shi daga gida hannunta ne. Kakarta Daso ce ta koya mata ɗinkin hula tun tana ƙarama, irin ɗinkin da sai ka kai ido kusa kafin ka ga inda allura ta shiga. Wata maƙwabciya ta gan ta tana ɗinke wandon Hudu, ta kai ta wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo a tsakiyar gari, inda ake neman mai gyaran tufafi. Aka ba ta keken ɗinki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Bas biyu take hawa kafin ta isa, bas biyu kafin ta dawo, ta tarar da tukunya tana jiran ta.

A can ta haɗu da Madam.

Sunanta Muriel Hadcroft, Baturiyar Ingila, kuma in kun ji an ce mutum ya yi suna a sana'arsa, to ita ta yi. Tana 'yar shekara goma sha shida ta fara hawa dandamali a Landan, ta shigo da faranti ta faɗi kalma huɗu ta fita. Daga nan ta yi shekara arba'in ba ta sauka ba. Ta fito a sarauniya, ta fito a bazawara, ta fito a matar da ta kashe miji, mutane suna bin layi cikin ruwan sama don su ji muryarta. Da ta kai sittin sai ta ba kowa mamaki ta auri wani Ba'amurke mai masaƙa, ya ɗauko ta ya ajiye a unguwar Sedgefield, gefen filin da masu kuɗi suke bin ƙaramar ƙwallo da sanda. Shekara huɗu ya yi ya rasu, ya bar mata gida mai ɗakuna barkatai da ciyawar da ba mai zama a kai. Ba ta koma Ingila ba. Ta ce duk waɗanda suka san ta a can sun mutu, saura masu jiran su ga yadda ta tsufa.

Duk shekara, in sanyi ya wuce, gidan wasan nan yakan lallaɓe ta ta yi musu wasa ɗaya na mako biyu, kuma kafin a buɗe ƙofa kujeru sun ƙare. Matsalar ita ce mai shirya ta. 'Yar wasa irin Madam ba ta sa wa kanta riga. Akwai mace guda da aikinta ke nan: ta sa mata, ta cire mata, ta gyara hular gashi, ta tsaya a bayan labule da rigar fitowa ta gaba a hannu, ta sauya mata cikin duhu kafin mutum ya gama shan kofin ruwa. Mata uku Madam ta kora a jere. A 1981 aka turo Kubura daga ƙarƙashin ƙasa, wai don tana da haƙuri. Gaskiyar magana, ba wadda ta rage.

Ranar farko Kubura ta rusuna ta gaishe ta, idonta a ƙasa. Madam ta ce, "Me kika yar a ƙasa? Ɗago ki dube ni." Kubura ta ɗago ta dubi kafaɗarta. Haka suka yi shekara shida, ɗaya tana neman ido, ɗaya tana ba ta kafaɗa, amma ba a kori Kubura ba. Hannunta ba ya rawa, ba ta da surutu, kuma ta san inda takalmi yake cin Madam kafin Madam ta faɗa. A hankali aikin ya wuce gidan wasa. Sau uku a mako takan hau bas ta sauka a bakin Sedgefield ta ƙarasa da ƙafa, ta je ta rage wa riguna ƙugu, don tsohuwar kullum ramewa take. Hudu ya sa wa Madam suna Baturiyarki. Kubura kuwa a zuciyarta ta riga ta ajiye ta inda ake ajiye iyaye, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Madam tana da labarin da ba ta gajiya da shi, na wadda ta shirya ta a Landan shekara talatin, wata gajeriyar mata mai kaifin baki. In Madam ta sauko daga dandamali ana ta tafi, matar nan sai ta karɓi mayafinta ta ce, "Yau kin yi kasala, kin cuci masu kujerun baya." Madam takan faɗi wannan tana dariya har da hawaye. Kubura takan yi murmushi don ladabi, a ranta tana cewa wannan mata ba ta sami tarbiyya ba.

A kakar 1986 abin ya fara. Madam ta sa gilashinta a cikin firji. Ta kira Kubura da sunan waccan matar ta Landan, sau ɗaya, sannan sau da yawa. Wata rana ta tsaya a tsakiyar falonta da hannu a sama, za ta faɗi wani abu, maganar ta gudu ta bar ta, ta yi ta kallon hannun. Kubura ta san wannan kallon. Ta gan shi a fuskar Kaka Daso, kuma ta san abin da ake yi. A gidansu, da hankalin tsohuwa ya fara tafiya, ba wanda ya furta. In baƙo ya tambaye ta abu, wata jika ce za ta yi wuf ta amsa, a ce Kaka ta gaji. In ta kira ka da sunan mamaci ka amsa. Ta rasu da mutuncinta, har yau akwai 'yan unguwa da ba su san ta ruɗe ba. Babba ba a tona masa asiri, rufa masa ake yi. Kubura ba ta ma yi shawara da zuciyarta ba, ta fara rufawa.

Wasan shekarar 1987 labarin wata tsohuwar shugabar makaranta ne a ranarta ta ƙarshe a ofis, kuma kusan rabin maganar da ke ciki ta Madam ce. Abin da Kubura take tsoro ɗaya ne: kada matar nan ta tsaya a gaban mutum ɗari uku bakinta ya mutu. Wajen gwaji, Madam tana riƙe da littafin wasan a hannu, ba mai iya ce mata ta ajiye. In magana ta ɓace mata, sai Kubura ta fito da ruwan zafi da lemon tsami ta ce maƙogwaro ne, a ba ta minti biyar. A Sedgefield kuwa sai su zauna, Kubura tana karanta maganar sauran 'yan wasa da Turancinta na kwalejin horon malamai, Madam tana amsawa. A nan ta lura da wani abu. In aka ba tsohuwar kalma biyu ko uku na farkon magana, sauran yakan biyo da kansa, tsaf, har da inda za ta ja numfashi. Bakin zaren ne kawai yake ɓace mata.

Sai Kubura ta sayo farin hankici babba, irin wanda shugabar makaranta za ta riƙe ba wanda zai yi tambaya. Ta ɗauki farin zare mai ɗan ƙyalli da allurar hula, ta ɗinka farkon kowace doguwar magana a kai, layi bayan layi, bisa tsarin wasan. Daga nesa farin ƙyalle ne kawai. In fitila ta haska shi a hannu, rubutun ya fito. Kwana tara ta yi tana yi, a bas, a kicin, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, har idonta ya fara ruwa. Da ta miƙa wa Madam ba ta yi bayani ba, ta ce ga hankicin wasa. Madam ta juya shi, ta karanta layin farko, maganar ta zubo mata. Ta ce, "Kyakkyawan aiki," ta cusa shi a hannun riga. Ko ta gane dalilinsa, ko ba ta gane ba, Kubura ba ta tambaya ba.

Saura mako guda a buɗe, daraktan wasan ya sauko ɗakin ɗinki. Mista Garland sunansa, mutum mai sauƙin kai, ya zauna a kan kwandon tsummoki ya cire gilashi ya murza ido.

"Kubura, ke ce kike ganin ta a gida," in ji shi. "Ki gaya mini gaskiya. Za ta iya?"

Kubura ta ci gaba da taka keke.

"Ba korar ta zan yi ba," ya ce. "In ba za ta iya ba, sai mu sa mata kujera a tsakiyar dandamali ta zauna da littafi a hannu ta karanta. Mutane muryarta suke so. Ba abin kunya ba ne. Ina dai bukatar in sani."

Kubura ta hango abin a ranta: Madam a kujera da littafi, kowa a gari yana raɗa cewa kan tsohuwa ya tafi. Kuma da bakin wa za a ji? Da bakin wadda take ganin ta ba riga. Ta tsayar da keken.

"Lafiyarta ƙalau," ta ce. "Gajiya ce kawai."

Ya dube ta, ta dubi kafaɗarsa. Shi ma yana son ya yarda, don an riga an sayar da kujeru. Ya yi godiya ya hau sama.

Washegari da safe ta gaya wa Hudu, yana tsaye yana shan shayi, yara suna neman takalman makaranta. Ya ajiye kofin.

"Kubura, nan fa ba Zariya ba ce. Mutumin nan option ya ba ki, zaɓi ne, kika ƙi. Su a wurinsu in ka ɓoye irin wannan, kai ne mai laifi. Likita ya kamata ta gani."

"In kai ta likita in ce masa me? In ce uwar ɗakina ta zare?"

"Ba uwarki ba ce. Aiki kike mata."

"Malam, shekara shida ina ɗaura mata takalmi. In ban rufa mata asiri ba, wa zai rufa?"

Hudu ya ɗauki jakarsa. Shi ma a gajiye yake, shekara tara yana bin takardar digiri. Ya ce Allah ya sa a gama lafiya, ta ce amin, kowa ya kama hanyar bas ɗinsa.

Ranar Lahadi da ƙarfe uku na rana aka buɗe. Gida ya cika, har da mai rubuta wa jarida a layi na uku. Kubura tana tsaye a bayan labule da baƙar riga ta kashi na biyu a kan hannunta, ƙafafunta suna zugi tun safe. Madam ta fito kan dandamali, aka tashi tsaye ana tafi tun ba ta buɗe baki ba. Kashi na farko ya tafi lafiya. Sau huɗu Kubura ta ga ta ɗaga hankicin kamar mai share gefen baki, idonta ya sauka, maganar ta zo. Muryar nan ta cika ɗakin har kujerun baya. Kubura ta ji daɗi, daɗin da ta manta rabonta da irinsa, har ta ce a ranta ashe Hudu bai san komai ba. Da aka tafi hutu ta sauya mata riga, ta gyara hular gashi, ta mayar mata da hankicin a hannu.

A kashi na biyu akwai inda shugabar makaranta take sallamar malamanta, magana mafi tsawo a wasan. Madam ta tako gaban dandamali, ta dubi hankici, ta faɗi kalma ukun farko. Ta tsaya. Ba abin da ya biyo baya. Ta sake dubawa, ta karanta layi na gaba, shi ma ya tsaya a inda zare ya tsaya. Sai ta ci gaba da karantawa, layi bayan layi, guntayen maganganun da ba su haɗu da juna ba, da wannan babbar murya tata, har ta kai ƙarshen ƙyallen. Wani a baya ya yi dariya, yana zaton cikin wasan ne, sannan ya yi shiru. Mai tuna wa 'yan wasa magana yana ta raɗo mata daga gefe, ba ta ji. Ta ɗaga hankicin sama wajen fitila, ta juya bayansa tana neman sauran. Kowa a ɗakin ya ga abin da take yi. Sannan ta juya ga ɗan wasan da ke tsaye kusa da ita, ta tambaye shi cikin ladabi ko shi wane ne.

Aka saki labule. Ba a yi tafi ba, ba a yi surutu ba, sai ƙarar kujeru.

Kubura ce ta kama hannunta ta kai ta ɗakin shiri, ta rufe ƙofa. Mista Garland ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, ya ce zai je ya sallami mutane, bai ƙara komai ba, kuma Kubura ta gwammace da zagin ta ya yi. Ta zaunar da Madam a gaban madubi, ta cire mata hular gashi, ta fara goge mata hoda. Can sai ta ga idon tsohuwar ya dawo. Hankalinta ya dawo gaba ɗaya, kuma ta san abin da ya faru. Madam ta shimfiɗa hankicin a kan tebur tana shafa ɗinkin da ɗan yatsa.

"Wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne," in ji Madam. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun bara, Madam."

"Garland ya tambaye ki?"

"Ya tambaya."

"Kika ce masa me?"

"Na ce lafiyarki ƙalau."

Madam ta gyaɗa kai. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ciwo.

"Ni ban sani ba, kin gane? Mai wannan ciwo shi ne na ƙarshen sani. Ina ganin kamar gajiya ce, don kowa haka yake ce mini. Darakta yana son kujeru su cika. 'Yan kallo sun zo su yi tafi. A sana'armu mutum ɗaya ne ake ajiyewa don ya gaya maka gaskiya, wanda yake ganin ka ba kwalliya. Da kin ce mini, Muriel, ya isa, da na yi fushi kwana biyu na zauna a kujerar. Da na sauka da ƙafata."

"A wurinmu ba a faɗa wa babba haka," in ji Kubura. "Rufa miki nake yi."

"Na sani," Madam ta ce. "Kin rufe ni har ni kaina ban gani ba."

Kubura ta durƙusa ta fara kwance mata igiyar takalmi, don hannu yana bukatar abin yi. Baƙin ciki ya cika mata ciki. Ta yi abin da aka koya mata, ta yi shi da kyau, da zuciya ɗaya, kuma shi ne ya kai matar nan inda take gudun kada ta je. Ta cire takalmin dama, ta cire na hagu, ta jera su. A waje ana jin motoci suna fita ɗaya bayan ɗaya.

Da ta ɗago, Madam tana kallon madubi tana gyara wuyan rigarta, fuskarta a sake, kamar ba abin da ya faru. Ta laluba tebur ta ɗauki jan baki.

"Ina hular gashina?" ta ce. "Saura minti nawa in fita?"

Amsar tana kan harshen Kubura, mai sauƙi, wadda za ta kwantar wa kowa da hankali: saura kaɗan, Madam, ki huta tukuna. Ta haɗiye ta. Ta miƙe a kan gwiwoyinta, ta karɓi jan bakin daga hannun tsohuwar, ta dube ta cikin ido.

"An gama, Madam," ta ce. "Kin fita, kin manta maganarki a gaban mutane. Ba za ki ƙara fita ba."

Madam ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta juya mata baya a hankali, ta sunkuyar da kai, don a ɓalle mata maɓallan rigar.